Sandar fatsa ta tafi-da-gidanka: abin da ya kamata ka sani kafin ka saya

Masu zuwa bakin dam ranar hutu sun fara yawa, kuma akasarinsu ba 'ya'yan masunta ba ne. Ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan kasuwa, waɗanda za su hau babur ko motar haya zuwa Tiga ko Zobe ko Dadin Kowa, su yini, su dawo. Irin wannan mutum ba shi da inda zai sa sanda mai tsawon mita biyu, shi ya sa yake neman wadda za ta shige jaka. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Iri nawa ce sandar da ake naɗewa?

Iri biyu ce. Ta farko gaɓoɓinta suna shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo: ka ja ta miƙe, ka tura ta koma. Ta biyu gunduwa-gunduwa take zuwa, uku ko huɗu ko fiye, kana cusa bakin wannan a gindin wancan har ta haɗu. A cikin masu shigewa akwai wadda ake ɗaura wa na'urar naɗe zare, akwai kuma doguwa marar zobban da zare ke bi ta ciki, wadda a tsininta kawai ake ƙulla zaren, tamkar fatsar da muka taso muka gani.

Wacce ta fi?

Wajen saurin shiri mai shigewa ta fi. Za ka iya barin na'urar naɗi da zare da ƙugiya a jikinta, kana isa bakin ruwa ka miƙe ta ka jefa. Mai gunduwa kuwa sai ka zauna ka haɗa, ka daidaita zobba, ka zura zare.

Amma wajen ƙarfi da jin motsin kifi a hannu mai gunduwa ce a gaba, kuma dalilin shi ne abin da nake so kowa ya riƙe kafin ya shiga shago. Sanda tana aiki ne da lanƙwasa. Idan kifi ya ja, nauyin yana bi ta jikinta daga tsini zuwa mariƙi, kuma duk inda aka yi mahaɗi sai lanƙwasar ta sami tangarɗa a wurin. Mai gunduwa huɗu mahaɗi uku gare ta. Mai shigewa da aka matse ta don ta zama ƙarama sosai tana iya kai gaɓa bakwai ko takwas, kowace da bakinta da zai iya tsagewa, ya cushe da yashi, ko ya sulluɓe ana cikin jan kifi. Ga shi kuma ba a sa zobba inda suka dace, sai inda gaɓa ta ƙare.

Saboda haka kada ka nemi wadda ta fi kowace gajarta. Auna jakar da za ka riƙa ɗauka, sannan ka sayi sandar da ta cika tsawon jakar idan an naɗe ta. In jakarka tana ɗaukar santimita 60, ba ka da dalilin sayen mai naɗuwa zuwa 35. Wancan bambancin na santimita 25 da ƙarin mahaɗai aka samo shi.

Ai gora ma tana kama kifi. Me zai sa in kashe kuɗi?

Tana kamawa ƙwarai, kuma yaron da ke zaune a bakin gulbi da gorarsa da tanarsa yakan fi mai kayan kamfani cika kwando. In ruwan yana bayan gidanku, kuma karfasa da kawara kake nema a gaɓa, gora ta wadatar. Abu biyu ne ba ta iyawa: shiga jaka, da jefa koto nesa. A manyan dam, musamman da rani in ruwa ya ja baya, kifi mai ɗan girma yana can ciki inda tsawon gora ba ya kai wa, sai mai na'urar naɗi ne zai aika masa da koto ya kuma iya sakar masa zare idan ya yi gudu.

Faiba ko kabon?

Waɗannan su ne abubuwa biyu da ake ƙera sandunan zamani da su. Faiba, wato zaren gilashi da aka haɗa da ƙaro, ta fara yaɗuwa a ƙarshen shekarun 1940. Kabon ya biyo baya a farkon shekarun 1970. Kabon ya fi rashin nauyi, ya fi tauri, kuma ko ɗan taɓa koto kifi ya yi za ka ji a tafin hannunka. Aibinsa shi ne ba ya jure bugu. In ya ƙwalu da dutse ko aka danne shi da kaya a but ɗin mota, zai iya yin tsagar da ido ba ya gani, sai ran da ka kama kifin kirki ya ɓalle a wurin. Faiba ta fi nauyi, ta fi laushi, ta fi araha, tana kuma shan wahala.

Ga wanda zai ɗaure jaka a bayan babur ya bi hanyar burji, kuma in tsini ya karye ba shi da inda zai sami madadinsa a kusa, ni faiba nake zaɓa masa, ko wadda aka gauraya biyun. Kabon zalla na wanda hannunsa ya riga ya faɗa ne, yana kuma da bututu mai tauri da zai riƙa ajiye ta.

Akwai wani abin da ya fi karyewa muhimmanci. Kabon yana ɗaukar wutar lantarki. Doguwar sanda a kusa da wayar wuta mai ƙarfi tana iya kashe mutum ko ba ta taɓa wayar ba, domin wutar tana tsallakowa. Kafin ka miƙe sanda ka ɗaga kai ka dubi sama. Da damina kuma, da ka ji tsawa, ka kwantar da ita ƙasa ka bar bakin ruwa, kowace iri ce a hannunka.

Tsawo nawa ya dace idan an miƙe ta?

Ga mai jifa daga gaɓa, tsakanin mita 2.1 da 2.4 ya isa kusan ko'ina. A cikin kwalekwale ko inda itatuwa suka rufe bakin ruwa, mita 1.8 ta fi daɗin sarrafawa. Marar zobba tana farawa daga kamar mita 3 zuwa 6, tun da tsawonta ne kaɗai ke kai koto inda ake so.

Mene ne ma'anar rubutun da ke jikin sandar?

Dab da mariƙi za ka ga 'yan lambobi, kuma sun fi launin sandar da hoton kifin da ke kan kwali amfani. Idan ka ga 10-30g, nauyin abin da aka ƙera ta ta jefa ke nan, giram 10 zuwa 30, dalma da koto a haɗe. In ka ɗora mata fiye da haka ka wurga da ƙarfi, tsinin ne zai tafi. In ka sa ƙasa da haka sandar ba za ta lanƙwasa ba, jifan ba zai yi nisa ba. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka da oz suke rubutawa, kuma oz ɗaya kusan giram 28 ne.

Sai lambar ƙarfin zare, wadda galibi lb, wato fam na awon nauyi, ke biye da ita. Fam 10 kusan kilo huɗu da rabi ne. Kada ka sa zaren da ya fi ƙarfin sandar da nisa, domin in ƙugiya ta maƙale a kututture gara zaren ya tsinke da sandar ta karye.

Haruffan L da M da MH da H ƙarfin sandar suke nunawa, daga mai laushi zuwa mai tauri. L ta karfasa ce da ƙananan kifi. M za ta yi maka karfasa da ƙurungu da matsakaiciyar tarwaɗa, kuma ita ce ta wanda sanda ɗaya zai saya. Na'urar naɗi mai lambar girma 2500 ko 3000 da zare mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.30 sun dace da ita.

Za ta iya da giwan ruwa?

Ƙarami, i. Babba, a'a. Giwan ruwa yana iya wuce kilo 100, kuma irin waɗanda ake fitowa da su a Matan Fada lokacin bikin Argungu da koma ake kama su, da ƙarfin ƙato, ba da fatsa ba. Wanda ya nufi manyan giwan ruwa a Kainji sai ya nemi sanda mai tauri, gunduwa biyu ko uku, da babbar na'urar naɗi. Tsage kuma matsalarsa haƙora ce. Komai kyan sandarka, in ba ka sa guntuwar waya tsakanin zare da ƙugiya ba, datse shi zai yi ya wuce.

A shago me zan duba?

Ka sa mai kaya ya bar ka ka miƙe ta gaba ɗaya. In ya hana, ka tafi wani wuri. Ka riƙe mariƙin ka kaɗa ta a hankali, kana saurare. Sanda mai lafiya shiru take yi, ƙaras-ƙaras kuwa alama ce ta mahaɗin da bai zauna ba. Ka ɗora ido a gindinta ka hango tsini, ka ga ko ta miƙe sak.

Sannan zobba, ɗaya bayan ɗaya. A cikin kowane akwai wani ɗan zobe mai santsi na tangaran wanda zare ke gogawa. Ka zura 'yar auduga ka juya. In ta kama, akwai tsaga, kuma wannan tsagar za ta riƙa cin zarenka a hankali har ya tsinke ba ka san dalili ba. Na kan tsini ya fi kowanne shan aiki, shi za ka fi dubawa.

Ka ɗaura na'urar naɗi a mazauninta ka matse, ka girgiza. In mai shigewa ce, ka tabbata murfin gindinta yana kwancewa, domin ta nan ake wanke cikinta, ka kuma tabbata ta zo da hular da ke rufe tsini da zobba. Mutane suna raina wannan hular, alhali rashinta ne ke sa tsini ya karye tun a cikin jaka.

Mai saye ta intanet ba zai iya yin ko ɗaya cikin waɗannan ba, don haka sai ya nemi abu huɗu a rubuce: tsawonta a miƙe, tsawonta a naɗe, yawan gaɓoɓi, da nauyin jifa. Tallan da ya ɓoye su ya cika da hotuna, a bar shi.

Sunan kamfani yana da muhimmanci?

Yana da shi, amma da sauƙi. Shimano da Daiwa na Japan ne, Abu Garcia asalinsa Suwidin, kuma dukansu suna yin sandunan tafiya. Sai dai kaso mai yawa na sandunan da ke kasuwannin duniya a Sin ake ƙera su, musamman birnin Weihai na lardin Shandong, masu kyau da marasa kyau. Ana kuma buga sunan manyan kamfanoni a kan jabu. Idan farashi ya yi ƙasa fiye da hankali, da wuya sunan ya zama na gaske. Abin da na fi gudu shi ne haɗin da ake sayarwa sanda da na'ura da zare da ƙugiyoyi a 'yar jaka ɗaya da arha. Sau da yawa sandar ba laifi, na'urar ce ke fara lalacewa.

Ana shiga jirgin sama da ita?

Jakar hannu a yawancin jirage ba ta wuce kamar santimita 55 a tsawo, kuma kowane kamfani da dokarsa, sai ka tambaya kafin ranar tafiya. Ƙugiyoyi da wuƙa a babban akwati ake sa su.

Yaya ake miƙe mai shigewa da naɗe ta ba tare da ɓarna ba?

Wajen miƙewa daga tsini ake farawa. Ka jawo siririyar gaɓa, ka ɗan murɗa har ta kama, ka daidaita zobenta, sannan ta biye da ita, har zuwa gindi. Kada ka yarfa ta don ta fito gaba ɗaya, nan ne mahaɗai ke cijewa. Wajen naɗewa kuma daga gindi ake farawa, mai kauri tukuna, tsini a ƙarshe, kana riƙe kusa da mahaɗin da yatsu.

In kifi ya zo kusa, kada ka ɗaga sandar tsaye cak don ka ciro shi, domin nauyin duka zai koma kan tsini. Ka jawo shi gaɓa, ka sa hannu ko 'yar koma, kana kula da ƙayar tarwaɗa da ta ƙurungu.

Babban abokin gabarta yashi ne da ƙurar hunturu. Kada ka ajiye ta a ƙasa tana jiƙe. Kafin ka tura kowace gaɓa ka share ta da tsumma. In ka dawo gida ka kwance murfin gindi, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka bar ta ta bushe a inuwa kafin ka mayar. Zaren kuma rana ce ke cinye ƙarfinsa, saboda haka ba a barin na'urar naɗi a gaban gilashin mota.

In gaɓa ta cije ta ƙi komawa fa?

Kada ka sa filaya, za ta murƙushe bututun. Ka naɗe duk gaɓoɓin da ke ƙasa da wadda ta cije, ka tsayar da sandar a kan tabarma ko katako, ka riƙe dab da mahaɗin, ka riƙa ɗan buga gindin gaɓar a hankali har ta saki. In ta ƙi, ka sa tsumma mai sanyi ko ƙanƙara a kan ta ciki na ɗan lokaci, sannan ka riƙe ɓangarorin biyu da guntun robar tayar keke don kada hannu ya zame, ka murɗa kana turawa.