Tsarin Adana Bayanan Bindigogi na Ƙasa

Tsarin adana bayanan bindigogi na ƙasa rumbu ne na kwamfuta da gwamnati ke tattara bayanan bindigogin da ke cikin ƙasarta a ciki, da na mutanen da doka ta ba izinin riƙe su, domin 'yan sanda, jami'an kwastam da masu binciken laifuka su samu amsa cikin gaggawa idan wata bindiga ta faɗo hannunsu. Buƙatar irin wannan rumbu a bayyane take: cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta a 2018 cewa bindigogi kimanin miliyan 857 ne ke hannun farar hula a duniya, kuma wajen miliyan 100 kacal daga cikinsu ke da rajista.

Abin da ake rubutawa

Kowace bindiga tana da shafinta, inda ake shigar da kamfanin da ya ƙera ta, ƙasar da aka ƙera ta, samfurinta, girman harsashin da take ɗauka, da lambar da aka buga a jikin ƙarfenta. Sai a haɗa shafin da na mai lasisi, a riƙa ƙara duk abin da ya same ta: shigo da ita, sayarwa, gado, ɓata, sata, ƙwacewa ko lalatawa.

A nan ne aikin yake da wuya, kuma a nan ne ya kamata mai gudanar da tsarin ya fi sa ido. Lambar bindiga ita kaɗai ba ta isa shaida ba, domin kamfanoni biyu na iya buga lamba iri ɗaya, wani lokaci ma kamfani guda yakan maimaita ta a samfura daban. Jami'in da ya juya bindiga a hannunsa yakan ga rubuce-rubuce da dama a jikinta, har da lambar samfuri, tambarin gwaji da sunan kamfanin da ya shigo da ita. Idan ya kwafi wadda ba ita ba, ko ya ɗauki harafin O a matsayin sifili, to bindigar ta ɓace a cikin rumbun ko da tana ajiye a ofishinsa. Saboda haka ne ake amfani da kundin tantance samfura mai hotuna, irin wanda Interpol, ƙungiyar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, ke bai wa ƙasashen da ke cikinta, don kowa ya kira bindiga ɗaya da suna ɗaya.

Bin sawu da binciken harsashi

Bin sawu yana farawa ne daga masana'anta, ya bi ta kan mai shigo da kaya da dillali, har ya kai ga mutum na ƙarshe da ya mallaki bindigar bisa doka. Abin da ake nema shi ne gaɓar da ta fice daga hanyar halal ta shiga hannun masu laifi. Masu laifi sukan goge lamba da magagari, amma bugun da aka yi tun farko yana barin tabo a cikin ƙarfen, kuma ƙwararru na iya fito da lambar ta hanyar shafa sinadari mai cin ƙarfe.

Akwai kuma rumbun hotunan kwanson harsashi. Kowace bindiga tana barin zane irin nata a jikin kwanso idan an harba ta, don haka ana iya danganta harbe-harbe biyu da aka yi a garuruwa masu nisa da juna tun kafin a kama bindigar. Amurka na da NIBIN don wannan aiki, Birtaniya kuma ta kafa NABIS a 2008.

Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan bindigogi, wadda aka amince da ita a 2001 ta fara aiki a 2005, ta wajabta sanya lamba da adana bayanai na aƙalla shekara 10. Wata takardar fahimta kan bin sawu da Majalisar ta amince da ita a ƙarshen 2005 ta nemi a ajiye bayanan ƙira shekara 30, sauran kuma shekara 20. A 2013 Interpol ta ƙaddamar da iARMS, inda 'yan sandan ƙasashe ke sanya bindigogin da aka sace ko suka ɓace, suna kuma aika wa juna buƙatar bin sawu.

Yadda ƙasashe suka bambanta

Jamus ta fara aiki da rajistarta ta ƙasa ranar 1 ga Janairun 2013, bayan ta haɗe bayanan ofisoshin makamai kimanin 550 da a da kowanne ke riƙe da nasa littafin. Amurka ta bi wata hanya dabam: dokar 1986 ta haramta wa gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindigogi, don haka cibiyar bin sawu ta ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, da ke Martinsburg a jihar West Virginia sai ta tuntuɓi masana'anta da dillalai ɗaya bayan ɗaya, ta kuma lalubi takardun shagunan da suka rufe. Brazil na da rumbu biyu, SINARM a hannun 'yan sandan tarayya da SIGMA a hannun soja.

Kanada ta nuna yadda kuɗi da siyasa ke iya kayar da tsari. Dokar 1995 ta kafa rajistar dogayen bindigogi, aka yi hasashen za ta ci wa gwamnati dalar Kanada miliyan 2 bayan cire kuɗin lasisi, amma a 2002 babbar mai binciken kuɗi ta ƙasar ta bayyana cewa shirin zai haura biliyan 1, kuma a 2012 aka soke rajistar.

Damuwar masu bindigogi kan sirrinsu tana da tushe, domin jerin sunaye da adireshin gidajen da ke da makamai babbar ganima ce ga ɓarawo. Shi ya sa ake taƙaita waɗanda ke da ikon shiga rumbun, a kuma ajiye tarihin duk wanda ya duba wani shafi da lokacin da ya duba.

Galibi sai bayan masifa ake motsawa. Birtaniya ta yi dokar kafa rajistar ƙasa a 1997 bayan wani ɗan bindiga ya kashe yara a wata makaranta a garin Dunblane, amma sai da aka shafe kusan shekara goma kafin tsarin ya kankama. A Ostareliya, inda jihohi da yankuna ke riƙe da rajistocinsu daban-daban, shugabannin tarayya da na jihohi sun amince a Disamban 2023 su kafa rajista guda, shekara ɗaya bayan an harbe 'yan sanda biyu da wani maƙwabci a Wieambilla da ke jihar Queensland.