Mene ne Impressionism, kuma ina matan da ke cikinsa?

Akwai irin zanen da in ka matso kusa ba ka ganin komai sai ɗigo-ɗigon fenti kamar an yi da gaggawa, amma in ka ja baya taku uku sai ga kogi ko lambu ko fuskar mutum sun fito. Wannan salon ake kira Impressionism. Asalin kalmar Faransanci ce, impression, wato abin da ido ya cafka a kallon farko, kafin mutum ya tsaya ƙare wa abu kallo.

Da zolaya sunan ya fara. A watan Afrilun 1874 wasu masu zane kusan talatin a birnin Paris suka gaji da alƙalan babban baje kolin gwamnati, wanda ake kira Salon, suka shirya nasu a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto, Nadar. Claude Monet ya rataye zanen tashar jiragen ruwa ta Le Havre da hantsi bai gama ɗagawa ba, ya sa masa suna Impression, soleil levant, wato kallon farko na fitowar rana. Wani marubuci, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar ya yi musu shaguɓe da ita a jarida, yana nufin aikinsu bai nuna ba aka sauke. Sunan ya bi su, daga baya su ma suka karɓe shi.

Abin da suke bi shi ne haske. Inuwa a wurinsu ba baƙa ba ce, tana iya zama shuɗiya ko ruwan hoda gwargwadon lokaci. Fentin da aka fara ɗurawa a bututun ƙarfe tun 1841 ya sa mai zane na iya fita da kayansa bakin kogi ya yi aiki kafin rana ta juya. Shi ya sa in an ambaci kalmar, yawanci Monet da abokin aikinsa Renoir da filin Allah ake tunawa. Ni a ganina an rage wa ma'anar rabi.

Cikin jerin sunayen baje kolin farko akwai mace guda, Berthe Morisot. Sau takwas ƙungiyar ta baje kolinta tsakanin 1874 da 1886, ita ta shiga bakwai. Na 1879 kaɗai ta tsallake, don ba ta daɗe da haihuwar 'yarta Julie ba. Monet kansa biyar ya halarta. A 1876 wani mai sharhi na jaridar Le Figaro ya kira 'yan ƙungiyar mahaukata biyar ko shida, har da mace.

'Yar gidan mutunci a lokacin ba ta zama a shagon shan gahawa inda mazan ke tafka muhawara har dare, kuma babbar makarantar zane ta gwamnati ba ta karɓi mata ba sai 1897. Sai Morisot ta nemi hasken a inda take. Dubi zanenta Le Berceau (wato gadon jariri) na 1872, yana gidan tarihin Orsay a Paris: yayarta Edma ta yi tagumi tana kallon jaririyarta da ke barci, farin labule shara-shara kamar gidan sauro ya lulluɓe gadon, fuskar yarinyar na fitowa dishi-dishi ta bayansa. Zana abu ta cikin labule ba ƙaramin aiki ba ne. Ita Edman ma mai zane ce, tare suka koya, amma aure ya raba ta da buroshi.

Mary Cassatt kuwa Ba'amurkiya ce daga Pennsylvania, Edgar Degas, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, shi ya gayyace ta, ta fara baje aiki da su a 1879. An fi saninta da zanen uwa da ɗa, alhali ita ba ta taɓa aure ba. A zanenta na 1893 da ke Chicago, mace ta ɗora yarinya a cinya tana wanke mata ƙafa a kwano, kuma daga sama aka hango su, dabarar da ta ɗauko daga zanen Japanawa. Ita ce kuma ta riƙa ba attajiran Amurka shawarar sayen aikin abokanta, musamman ƙawarta Louisine Havemeyer, wadda kaso mai yawa na zanen da ta tara ya ƙare a gidan tarihin Metropolitan na New York.

Wata mai zanen, Marie Bracquemond, sau uku ta shiga baje kolin, amma mijinta Félix, shi ma mai zane, ya tsani salon, ya yi ta kushe shi har ta kusan daina aiki gaba ɗaya wajen 1890.

Morisot ta rasu a 1895 tana da shekara 54, ta bar ɗaruruwan zane. A takardar shaidar mutuwarta an rubuta cewa ba ta da sana'a.