Hoton ƙirji da tarin fuka a jikin mai ɗauke da HIV: ga amsoshin wuri guda

Tambayoyin nan na amsa su har na ƙosa. Na rubuta su ne don in daina maimaitawa, a karanta da kyau.

Ba na tari, me ya kawo maganar hoto?

Tarin fuka ba ya jiran sai ka yi tari. Shi ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da HIV a duniya. Tambayoyi huɗun da ake yi maka a asibiti, tari, zazzaɓi, rama da gumin dare, suna kama mutane da dama. Amma a cikin waɗanda suka daɗe suna shan maganin rage kaifin HIV, kusan rabin masu tibi, wato tarin fuka, suna zamewa. Shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya haɗawa da hoton ƙirji.

Hasken na'urar ba zai cutar da ni ba?

Ba zai cutar da kai ba. Hoto ɗaya bai wuce hasken da jikinka ke ɗauka daga ƙasa da sama cikin kamar kwana 10 ba. Mai ciki ta faɗa kafin a ɗauka, shi ke nan.

An ga tabo a huhuna. Tibi ne ke nan?

Wa ya ce? Tsohon tabo ma yana fitowa, nimoniya ma haka. Hoto nuni yake yi, kaki ne ke yanke hukunci. Ba da kaki a saka a GeneXpert, na'urar gano ƙwayar tibi, aikin bai fi awa biyu a cikin na'urar ba, har ta nuna ko ƙwayar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi.

Hotona ya fito fes, amma ina ramewa, dare kuma sai in jiƙe sharkaf da gumi. Na tsira?

To, nan ne nake so ku nutsu, domin amsar ba ta miƙe ba. Ramin nan da ake gani a saman huhun mai tibi, yaƙin garkuwar jiki da ƙwayar ne ke haƙa shi. Idan garkuwar ta yi ƙasa, a ce CD4 ɗinka, wato ma'aunin ƙarfin garkuwar, bai kai 200 ba, babu mai yin yaƙin. Sai hoton ya fito babu rami, ko ya nuna ɗan hazo a ƙasan huhu, ko kaluluwa a tsakiyar ƙirji, ko ruwa ya taru a gefe. Wani lokaci ɗige-ɗige ne kawai ƙanana barkatai, wanda ido mai gaggawa zai wuce. Wani lokacin kuwa babu komai, alhali ƙwayar tana nan.

Ga wata matsalar: a irin wannan jiki cutar takan bar huhu ta shiga ciki, ko ta kewaye zuciya da ruwa, ko ta taɓa saifa da hanta. Hoton ƙirji ba zai nuna mafi yawan wannan ba. Sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu na iya taimakawa, a ɗora a ƙarƙashin haƙarƙari a nemi ruwa da kumburin kaluluwa da ƙananan tabo a saifa. Sai dai ya dogara da hannun mai riƙe da na'urar, kuma abin da ya gani ba tibi kaɗai ke kawo shi ba.

Saboda haka ban ce kana da ita ba, ban kuma ce ka tsira ba. Idan CD4 ɗinka yana da kyau, kana shan magani ba fashi, babu alama ko ɗaya, hoto mai tsabta abin kwantar da hankali ne ƙwarai. Idan akasin haka ne, a duba kaki, a yi gwajin fitsari na LAM, wanda ya fi kamawa a jikin da ya raunana. Ko duka sun fito babu, likita na iya sake dubawa bayan ɗan lokaci, ko ya fara magani bisa abin da ya gani idan jikin ya yi tsanani. Kada ka ninke takardar ka sa a aljihu ka ɓace wata shida. Masu yin haka su ne suke dawo mana a kan gadon da ake turawa.

Wai kwamfuta ce ke karanta hoton?

Eh, an amince da ita tun 2021 ga masu shekara 15 zuwa sama. Maki take bayarwa, ba magani ba.

In biya kuɗin CT kawai in huta?

Don me? CT babban hoto ne da ya fi gani dalla-dalla, ya kuma fi tsada da yawan haske. Likita ne ke nemansa idan abu ya rikice.

Babu na'urar hoto a inda nake. In fasa shan maganin rigakafin tibi?

A'a. Idan an tambaye ka alamomin nan huɗu babu ko ɗaya, rashin hoto ba dalilin hana ka ba ne. Ka dai faɗi gaskiya idan an tambaye ka, har gumin daren da kake cewa zafi ne.