Waiwaye: Inda Duhun Kiɗan Joy Division Ya Samo Asali

A ranar 4 ga Yuni 1976 ƙungiyar kiɗan punk mai suna Sex Pistols ta yi wasa a wani ƙaramin zaure a Manchesta ta Ingila, 'yan kallon kuwa ba su taka kara sun karya ba. A cikinsu akwai wasu samari biyu 'yan Salford, Bernard Sumner da Peter Hook. Washegari Hook ya ranci kuɗi wajen mahaifiyarsa ya sayo jitar bas, shi da Sumner mai kaɗa jita suka kafa ƙungiyar kiɗa. Ian Curtis na garin Macclesfield ya zama mawaƙinsu, Stephen Morris ya kama ganguna a 1977. Da farko sunansu Warsaw, sai a farkon 1978 suka koma Joy Division.

Kiɗan punk da ya haife su ihu ne da gudu da fushi. Su ma a kan dandamali haka suke. Wanda ya sauya musu akala shi ne Martin Hannett, mai haɗa sauti na kamfanin Factory Records. A watan Afrilun 1979, a sutudiyon Strawberry da ke Stockport, suka ɗauki faifansu na farko, Unknown Pleasures. Hannett ya raba gangunan Morris, kowace a ɗauke ta ita kaɗai, ya sa musu amsa-kuwwa, har suka koma kamar ana buga su a cikin kangon masaƙa. Ya cusa ƙarar lif da ta fashewar gilashi. Hook kuwa, da yake lasifikarsa mai arha ce, ba ya jin kansa in Sumner ya buɗe jita, sai ya riƙa kaɗa bas ɗinsa da siririyar murya. Dole ce ta sa shi, amma ita ta zama tambarinsu: bas ke jan waƙa, jita na yanka ta gefe, muryar Curtis mai kauri na tafe a tsakiyar fili fayau.

Hook da Sumner ba su ji daɗin faifan ba da farko, gani suke an zare masa ƙarfi. A ganina Hannett ne ya ji abin da ke cikin waƙoƙin kafin masu su. Manchesta ta lokacin gari ne na masana'antun da suka mutu da rusassun unguwanni, wannan sanyin kuwa yana nan cikin sautin.

Sai dai duhun ba ado ba ne. A Disamban 1978 farfaɗiya ta fara kama Curtis a hanyar dawowa daga wasa a Landan. Waƙar She's Lost Control ta taso ne daga wata mai irin wannan ciwo da ya sani a ofishin samar da aikin yi inda yake aiki. Wani lokacin ciwon kan kayar da shi a gaban jama'a, wasu su ɗauka rawa ce. Wannan ne ya fi taɓa mini zuciya.

A Maris 1980 suka ɗauki faifai na biyu, Closer, a Landan. Ranar 18 ga Mayu, ana shirin tafiyarsu ta farko zuwa Amurka, Curtis ya kashe kansa yana da shekara 23. Sauran ukun suka ci gaba da sunan New Order. Closer ya fito a watan Yuli da hoton wani kabari na maƙabartar Staglieno ta birnin Jenowa na Italiya a bangonsa, hoton da aka zaɓa tun Curtis na da rai.