Tsoffin ƙananan bindigogi: me ya sa ake tara su, kuma ina matsayinmu a Nijar?

A fadarmu ta shan shayi nan Tawa, wani ƙanena ya miƙo mini waya in ga bidiyon wani Ba'amurke da ya baje tsoffin ƙananan bindigogi masu ɗura kansu bisa tebur yana yabonsu da araharsu kamar mai tallar dawaki. Na daɗe ina karanta tarihin waɗannan ƙarafa, don haka muka zauna. Ga abin da ya tambaya da abin da na ce masa.

Yaya, me ake nufi da bindiga mai ɗura kanta?

Kowane jan kunama harsashi ɗaya ne ke fita. Ƙarfin tashin albarushi shi ke tura murfin saman baya, ya tofar da kwanso, waya mai naɗi ta dawo da shi, ya ɗauko sabon harsashi daga sharja, wato gidan harsasai. Ba ta ɓarin wuta kamar Kalashnikov. Ba'amurken nan John Browning ne ya fi kowa gyara wannan dabara, kuma aikinsa ne Colt 1911 da sojojin Amurka suka riƙe shekara fiye da 70.

To, kayan tarihi ai tsada gare su. Ina arahar ta fito?

Daga yawa. Tarayyar Sobiyet ta ƙera Tokarev TT-33 masu ɗimbin yawa, sannan a 1951 ta kawo Makarov mai cin harsashi 8. Jamus ta Gabas da Bulgeriya da Sin duk sun yi tasu Makarov ɗin. Da gabashin Turai ya sauya bayan 1991, rundunoni suka canza makamai, aka kwashe tsoffin daga rumbuna aka sayar wa dillalan Amurka a dunƙule. A can, bindigar da ta kai shekara 50 tana shiga ajin kayan tarihi, akwai kuma lasin na musamman ga masu tarawa. Arahar da ka gani a bidiyo ta kasuwarsu ce da dokarsu.

Akwai wadda ta shafi tarihinmu?

Nan ne abin ya fi taɓa ni. A 1960, shekarar da muka samu ƴancin kai, ƙaramar bindigar sojan Faransa ita ce MAC 50, mai harsashi 9, wadda aka fara ƙerawa a garin Shatelro. Akwai MAB samfurin D ta garin Bayon, tun 1933. Akwai kuma wadda labarinta ke ba ni mamaki: Walther PP ƙirar Jamus ce ta 1929, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu an hana Jamusawa ƙera makamai, sai kamfanin Manurhin na Faransa ya ci gaba da yin ta daga 1952. Bindigar Jamus, tambarin Faransa. Wanda ya iya karanta rubutun jikin ƙarfe zai gane wa ya ci yaƙi, wa ya sha kashi.

Me masu tarawa ke dubawa?

Lambar da ke jikin bindigar ta yi daidai da ta sauran sassa. Fentin asali, ko ya koɗe, ya fi sabon shafe daraja. Wanda ya goge tsohuwar bindiga don ta yi ƙyalli ya rage mata kuɗi. Sai cikin bututu, ko tsatsa ta ci shi. Labari ma yana ƙara ƙima: FN 1910 ta Beljiyam ce Gavrilo Princip ya harbe yariman Ostiriya da ita a Sarayebo a 1914.

Ana harba su, ko ado ne kawai?

Ana harbawa a filayen horo masu izini, bayan gwanin makamai ya duba. Haɗarin a harsashi yake. Na Makarov 9x18 ne (kauri da tsawo a milimita), ba 9x19 ba, ba 9x17 ba. Sunan ya yi kama, awon ya bambanta, kuskure kuma yana iya cin yatsu ko ido. Tokarev ta asali ba ta da makullin tsaro na hannu, shi ya sa ake tsoron faɗuwarta in akwai harsashi a baki. Tsohon harsashin soja kuma yana barin gishiri cikin bututu, gishirin ya jawo laima, kwana kaɗan tsatsa ta kama. Mai kaɗai ba ya fitar da shi, sai an wanke da ruwa, a busar, sannan a shafa mai.

Ke nan ni ma zan iya fara tarawa?

Ƙanena, a nan dole in tsaya maka. Doka a Nijar ba ta ce tsohuwa ce a ƙyale ta ba. Tokarev ta 1940 kisa take yi kamar wadda aka ƙera bara, kuma riƙe ta sai da izinin hukuma. Tun 1994 ƙasar nan ta kafa hukumar CNCCAI don tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, kuma ka san halin da arewacin jihar Tawa ke ciki, ka san kisan da ƴan bindiga suka yi wa jama'a a Tiliya a 2021. Duk wanda ya kawo maka irinta a ɓoye da sunan araha, ba ka san jinin wa ke kanta ba.

In mutum ya tsinci ta kakansa tsohon soja a adaka fa?

Kada ya ja kunama, kada ya gwada buɗe ta in bai iya ba. Ya ɗauka akwai harsashi a ciki, ya kawar da yara, ya sanar da jandarmomi ko ƴan sanda su zo da kansu. Kafin su tafi da ita, ya roƙi izini ya ɗauki hoton rubutun jikinta da lambar, ya haɗa da takardun soja na kakan. Da wannan hoton za mu iya zama ni da kai mu gano garin da aka ƙera ta.