Cinikin abinci da abin sha a arewacin Kamaru: ina ribar take?

Da gaske kasuwar tana bunƙasa?

Da gaske ne. Garwa da Marwa da Ngaundare kullum ƙara cika suke yi, ɗan birni kuwa ba ya noma abin da zai ci, saya yake yi. Ga kuma hanya. Tun 1974 jirgin ƙasa ke kawo kaya Ngaundare, daga nan manyan motoci su ɗauka har Kusiri, su haye gadar Ngeli zuwa Injamena. Kamaru da Cadi sefa ɗaya suke kashewa, don haka babu wahalar canji irin ta mai sayayya da naira.

Wace haja ce ta fi riba?

A ganina ribar tana wajen ajiya da gyara. Dubi albasa. Ta Marwa da Garwa ce ke cika kasuwannin Yawunde da Duwala, har Gabon ana kai ta. Da rani, lokacin cira, sai ta yi arha tuɓus, domin manomi na da bashin taki da na man injin ban-ruwa a wuyansa, dole ya sayar. Da damina ta yi nisa kuma buhu ya yi tsada. Wanda ya gina rumfa mai shan iska, ya shimfiɗa albasar a kan katako, yana bi yana tsince mai laushi kafin ta ɓata 'yan'uwanta, shi ke kwashe wannan bambancin. Abin yana min ciwo, domin sau da yawa wanda ya sha ranar gona ba shi ke cin moriyar ba.

Haka shinkafar Yagwa da Maga, ta gonakin SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati. Da yawanta shanshera ake kwashewa zuwa Najeriya. Wanda ya cashe ta a nan, ya fitar da tsakuwa, ya zuba a buhu mai suna, zai sami masu saye a gida.

Mai ƙaramin jari fa?

Ya fara da abin sha: zoɓo, wanda a nan muke kira folere, da tsamiya da kunun aya da kindirmo. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, abu mai sanyi ba ya kwantai. Matsalar ita ce a lokacin ne ruwan madatsar Lagdo, mai ba yankin wutar lantarki, ke ja baya, a yi ta ɗauke wuta. Saboda haka firji mai sola shi ne farkon abin da za a tara wa kuɗi. A tafasa ruwa, a wanke gora da kyau, domin ciwon ciki ɗaya ya isa ya kori unguwa guda.

Za a iya gogayya da manyan kamfanoni?

Ba a hajarsu ba. Kamfanin lemo da giya na Boissons du Cameroun, wanda a da ake kira Brasseries du Cameroun, na da masana'anta a Garwa, kamfanin auduga na SODECOTON kuma na tatsar man girki na Diamaor daga irin auduga. Ko dai ka zama dillalinsu, ko ka riƙe abin da ba sa yi, kamar kilishi da yaji da busasshen kifin Lagdo.

Me ya fi karya 'yan kasuwa?

Bashi da hanya. Kayan ci idan an ci sun tafi, babu abin da za ka karɓo a wurin wanda ya ƙi biya. Hanyar Mora zuwa Kusiri kuma ga lalacewa da damina, ga rashin tsaro. Kayan da ba sa jure kwana uku a mota, a sayar da su kusa da gida.