Ba duk ƙasa ce ta zaɓi Tafawa Ɓalewa ba

Har yau ana jin mutane suna cewa 'yan Nijeriya sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu sun zaɓi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista. Ba haka aka yi ba. A zaɓen 12 ga Disamba, 1959, ba wani mutumin Kano ko Ibadan da ya jefa masa ƙuri'a. Takararsa a mazaɓa ɗaya take, Bauchi ta Kudu maso Yamma, ɗaya daga cikin kujeru 312 na Majalisar Wakilai, kuma maza kaɗai suka yi zaɓe, domin ba a ba matan Arewa wannan dama ba tukuna.

Tsarin irin na Ingila ne: wanda yake da rinjaye a majalisa shi ke kafa gwamnati. Jam'iyyar Tafawa Ɓalewa, NPC, ta fi kujeru, duk da jam'iyyar NCNC ta su Azikiwe ta fi ta yawan ƙuri'u, sai suka haɗa kai. Shugaban NPC ma Sardauna ne, amma ya gwammace Firimiyar Arewa a Kaduna, ya bar wa mataimakinsa Tafawa Ɓalewa gwamnatin tarayya a Legas.

A 1964 ko ƙuri'ar ba a kaɗa ba a mazaɓar, an ce ya wuce ba hamayya, 'yan adawa kuwa suka ce hana su shigar da takarda aka yi. Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya tafi da majalisar da mazaɓar gaba ɗaya. Zaɓen shugaba kai tsaye sai 1979, lokacin Shehu Shagari.